Tambayi likita: maniyyin wani, na sananne ko na ɓoye?

Wani ɗan Maradi mazaunin Faransa ya rubuto: Likita shekara 7 da aurena ba haihuwa, an yi mini analiz an ce babu ƙwayar haihuwa ko guda cikin maniyyina, wai ana iya sa ma matata na wani. Wane ya fi, wanda ba a san mai shi ba ko wanda aka sani? Ni dai rufin asiri nike so.

Allah ya kawo mafita ɗan uwa. Gaskiya ɗaya ce, asirin nan ya bar rufuwa. Nan Faransa inda kake, tun Satumba 2022 duk mai badawa sai ya yarda in yaron ya cika shekara 18 yana iya neman sunanshi, Ingila tun 2005 suka yi haka, Suwidin ma tun 1985. Kuma ko ba doka, yau mutum miyau kawai zai tofa cikin ɗan kwalba ya aika gwajin DNA, sai ga dangin da bai taɓa sani ba sun ɓullo mishi a waya. Ta fannin aikinmu sananne ya fi, don watarana likita zai tambayi yaron akwai sikila ko ciwon suga a dangin babanka? kuma akwai tsoron ya tashi ya auri wadda suke uba ɗaya bai sani ba, tunda mutum guda na iya ba gidaje da yawa.

Amma ni da kai mun san inda muka fito. Malaman Azhar tun 1980 sun halatta dashen ciki in ƙwan na matar ne maniyyin na mijinta ne kuma auren na nan, na wani kam sun hana saboda nasaba, da suna ko ba suna. Ni ba malami ba ne, ka je ka tambaya. Abin da zan ce maka a matsayina na likita, analiz guda ba ya yanke hukunci, a sake bayan wata 3. Wasu mazan hanya ce ta toshe, sau da yawa tsohon ciwon sanyi ne da aka yi ma maganin tebur, a irin haka ana ciro ƙwayar daga maraina a tura ta cikin ƙwan matar kai tsaye, tun farkon shekarun 1990 ake yin wannan. Ka tambaye su ko sun duba nan tukuna.

Wata baiwar Allah daga unguwar Zariya ta ce: Shekara 4, na sha sassaƙe har na gaji, uwar miji na cewa ya ƙaro aure, shi ko ya ƙi zuwa likita wai lafiyarshi lau.

Baiwar Allah ƙarfin namiji daban, haihuwa daban. Gwajinshi ma ya fi naki sauƙi nesa ba kusa ba, ya ƙaurace miki kwana 2 zuwa 7 ya kai labo shikenan, ba allura ba komai. Ki lallaɓa shi ku zo tare, in kunya ce ya zo da yamma sa'ad da mutane suka ragu. In yana shan taba ko tramol ya bari.

Na ukku bai faɗi unguwa ba: In ƙanena ya bada, a yi a gida ba wanda ya ji fa?

A'a. Asibitocin da ke wannan aiki sai sun auna sida da ciwon hanta kafin su taɓa shi, a gida wa zai auna? Sannan yaron gida ɗaya zai tashi yana ce ma ubanshi baba ƙarami, ranar da rabon gado ya haɗa ku faɗa da ƙanen naka maganar za ta fito.