Wai ɗan adawa maƙiyi ne? Amsoshin tambayoyinku kan kalmomin siyasa

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyin da suka taru wannan karon kusan duk warin siyasa suke, wasu ma ba tambaya bace neman wanda zai tayasu zagi suke, waɗannan na ajiyesu gefe. Ga waɗanda na ga akwai abin faɗi a ciki.

Wani matashi daga Fagge a Kano yace: "Malam dan Allah meye bambancin adawa da hamayya da gaba? Kawuna tun zaɓen 2023 ya daina amsa gaisuwata saboda ni jar hula nake sawa shi kuma yana ɗaya ɓangaren, in an yi masa magana sai yace adawa ce."

To ɗana, abin da kawunka yake yi sunansa gaba, amma karka je ka faɗa masa haka a tsakar gida gaban matansa, kawu kawu ne. Bari mu bi kalmomin. Adawa aro ce daga Larabci, kuma a can asalinta ƙiyayya take nufi tsagwaronta, tushensu ɗaya da aduwwu wato maƙiyi. Amma da ta zauna a bakin Bahaushe, musamman daga lokacin da jam'iyyu suka shigo aka buƙaci sunan da za a kira waɗanda basa cikin gwamnati, sai ta yi sanyi. Yau in rediyo tace jam'iyyar adawa ba wanda yake jin ana nufin maƙiyan ƙasa, kowa yasan ana nufin waɗanda suka nema basu samu ba suna jiran wani zagayen. Hamayya kuwa ita ce mutum biyu su nemi abu ɗaya, samari biyu a ƙofar yarinya ɗaya, 'ya'yan sarki in gadon sarauta ya faɗi, masu shayi biyu a bakin tasha ɗaya. Hamayya tana da ranar ƙarewa, ranar da aka ɗaura aure ko aka naɗa rawani shikenan an gama, wanda ya rasa yazo yayi Allah sanya alheri ko da ransa baya so.

Ita gaba (a ja wasalin farko, ba gaba ta gaba da baya ba, ba kuma gaɓa ta jiki ba) ba ta da ranar ƙarewa sai an shiga tsakani. Alamarta ba a baki take ba, a ƙafa take da kwano. An daina zuwa suna, an daina zuwa ta'aziyya, kwanon tuwon da yake tsallaka katanga da azumi ya daina tsallakawa, an haɗu a lungu kowa ya ɗauke kai kamar yana duba waya. Kuma duk wanda yayi makarantar allo ko Islamiyya yasan hadisin da ya hana musulmi ƙaurace wa ɗan uwansa fiye da kwana uku, balle shekaru a kan akwatin zaɓe.

Wasu suna son cewa ai Bahaushe ma abokin hamayya yace, kenan ya ɗauki mai hamayya da shi aboki. Maganar tana da daɗin ji amma ku bi a hankali, domin muna cewa abokin gaba ma, muna cewa kishiya abokiyar zama. Aboki a nan wanda kuke abu ɗaya tare ne kawai, ba lallai masoyi ba. Hujjar da tafi ƙarfi ita ce taken Alhaji Waziri Ibrahim na GNPP a zaɓen 1979, siyasa ba da gaba ba. Kaga bai ce ba da adawa ba, adawa kam yayi ta sosai har jam'iyyarsa ta ci gwamnonin Borno da Gongola. Gabar ya cire.

Kuma ka tuna wa kanka, ba kawu ba, Ganduje sau biyu yana mataimakin Kwankwaso, 1999 da 2011, da jar hularsa a kai kafin su ɓata. Malam Shekarau da aka yi shekaru ana kai ruwa rana tsakaninsa da Kwankwaso ya shiga NNPP a 2022, cikin 'yan watanni ya fita ya koma PDP. Su manyan yau suna nan gobe suna can, kai kuwa ɗan uwan mahaifiyarka ba ya canja sheƙa. Ka ci gaba da gaisheshi ko bai amsa ba, in zaka shiga gidansa ka sa wata hular, ba tsoro bane ladabi ne.

Sai wata baiwar Allah daga Gusau tace: "Tunda aka cire tallafin mai duk wanda yayi kukan tsada a gurup ɗinmu na WhatsApp in dai ansan wanda ya zaɓa sai a ce masa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Wai karin maganar ta dace a nan?"

Hajiya karin maganar daidai take, wurin da aka ajiyeta ne ba daidai ba. Ki duba hoton dake cikinta: mutum ne da ludayinsa ko hannunsa, shi ya ɗebo, bakinsa za a kai, zafin bai shafi na kusa da shi ba. Shi yasa ake faɗa wa wanda ya tsokano faɗa, ko wanda ya ci bashin da yasan ba zai iya biya ba, ko yaron da aka hana abu ya ƙi ji. Sharaɗinta shine aikin naka ne kai kaɗai sakamakon ma naka ne kai kaɗai. To zaɓe ba haka yake ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafi ya tafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kuma ban ga gidan man da yake tambayar wa ka dangwala wa kafin ya zuba maka ba. Wadda take faɗa miki karin maganar ita ma bakinta yana ƙuna, ta dai samu wanda zata huce a kansa ne.

Ga wani lissafi da mutane basa son ji. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 Tinubu ya samu ƙuri'a wajen miliyan 8.8, Atiku kusan miliyan 7, Obi miliyan 6.1, Kwankwaso kusan miliyan 1.5. Wanda ya ci bai kai kashi 37 cikin ɗari ba. Ma'ana ko wa kika zaɓa a cikin huɗun nan, waɗanda basu zaɓi naki ba sun fi waɗanda suka zaɓeshi yawa. In duk wanda ya saɓa miki wawa ne to kin mayar da mafi yawan masu zaɓen ƙasar wawaye kenan, ciki har da limaminku wataƙila. Mutum ya zaɓa ne da abin da ya gani a lokacin, wani saboda titin da aka yi a garinsu, wani saboda an kai ɗansa karatu, wani malaminsa ne yace, wani tsoron ɗaya ɗan takarar ne ya kaishi. Ki soki gwamnati iya son ranki wannan haƙƙinki ne, ki soki ɗan takara da aikinsa. Amma mai ƙuri'a da ya fito yana kukan yunwa, in kin yi masa dariya yau kin tabbatar masa gara ya koma inda ya fito, don ba mai son komawa layin waɗanda suka yi masa dariya.

Wani ɗalibi daga Zariya ya haɗa tambaya biyu, menene santsi da taɓo da yake ji wurin tsofaffi, kuma kiran mutane 'yan taliya zagi ne ko wasa.

Santsi da taɓo sunayen ɓangarori biyu ne na jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano bayan ta dare a farkon shekarun 1980. Ɓangaren gwamnoni, Abubakar Rimi na Kano da Balarabe Musa na Kaduna, su ne 'yan santsi, waɗanda suka tsaya tare da Malam Aminu Kano su ne 'yan taɓo. Bayanin da aka fi yi shine waɗancan santsi ya kwashesu sun zame daga kan layi, waɗannan kuma sun kafe a taɓo. Duka biyun zambo ne amma ka lura da irin zambon, yana magana ne kan matsayar da mutum ya ɗauka, bai ce ba shi da hankali ba bai ce an sayeshi ba, shi yasa har yau dattijo zai ce maka ni ɗan santsi ne yana murmushi. Ba wai ina cewa zamanin da lafiya aka yi ba fa. A shekarun 1950 'yan NEPU, jam'iyyar Malam Aminu ta wancan lokaci, sun sha ɗauri da bulala a kotunan alƙalai, a Kano har ƙungiya aka yi da ake kira 'yan mahaukata masu far musu, tsofaffi suna ba da labarin auren da ya mutu saboda ɗaya na Sawaba wato NEPU ɗaya na Salama wato NPC mai mulkin Arewa a lokacin. Kalmar banga ma daga nan ta samo asali, vanguard, wato Turancin matasan sahun gaba na jam'iyya ne bakinmu ya lanƙwasa, ta tashi daga masu rakiya ta koma masu gora da adda. Ranar 10 ga Yulin 1981 kuma aka yi tarzomar da aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba Gwamna Rimi shawara kan siyasa, a Kano. Wanda yace maka siyasar da duk raha ce bai tambayi kakansa ba.

'Yan taliya kam zagi ne, kuma zagin talaka ne. Sayen ƙuri'a da taliya da sabulu da atamfa yana faruwa, ba mai musu, laifi ne a doka kuma abin kunya ne. Amma ku duba yadda ake amfani da kalmar, wanda ya raba taliyar ana kiransa mai girma, wadda ta tsaya a rana da goyo ta karɓi ƙulli biyu ita ce ta samu suna. Sannan kullum mutanen ɗaya ɓangaren ne 'yan taliya, namu kuwa masu aƙida ne ko da daga mota ɗaya aka sauke kwalayen. Laifi tudu ne ai, ka taka naka ka hango na wani. In an ga wanda ya karɓa a ce ya sayar da ƙuri'arsa, wannan bayanin aiki ne. Amma a ɗauki unguwa guda ko jiha guda a liƙa musu sunan saboda akwatinsu bai fito yadda ake so ba, wannan raini ne kawai aka sa masa riga.

Na ƙarshe gajere ne, wani daga Maraɗi yana son cikon kowa da kiwon da ya karɓeshi. Cikon shine maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Mutane suna yanke rabin farko su yi amfani da shi wurin cewa kowa ya zaɓi wanda yake so, kuma ba laifi, amma ɗan uwa rabin na biyu ba sulhu bane ba'a ce, don kowa yasan abin da kura zata yi wa akuyar. In da gaske kake son cewa ka girmama zaɓin mutum to tsaya a rabin farko, ko kace kowa da gwaninsa. In ka ƙarasa ta, ka dai gaya masa kura ya sayo.

Masu tambaya kan kalmomin zaɓen nan, wato sak da kuma shinkafa da wake, ku yi haƙuri sai wani karon.