Amsa: Kuɗin talabijin a Jamus

Malam, ka tambaya ko da gaske ne a Jamus sai mutum ya biya kuɗin talabijin ko ba shi da ita a ɗaki. Wallahi gaskiya ne, tun 2013 abin ya koma kan kowane gida, yanzu Yuro 18.36 duk wata, ko rediyo ba ka da shi kana yin rajistar adireshinka sai ka ga wasiƙa ta iso akwatinka, kuma Bajamushe ba ya wasa da wasiƙa, in ka share ta wata ce za ta biyo baya, in ka ci gaba da ƙin biya kuma har da tara a kai. Da wannan kuɗin ake tafiyar da ARD da ZDF, manyan kafofin yaɗa labarai na jama'a a Jamus, wai don kada gwamnati ta riƙe musu wuya da kasafi. Mutane na ƙorafi sosai fa, musamman matasa da sai Netflix kawai suke kallo.

Amma DW da muke ji da Hausa daga Bonn ba ta cikin lissafin nan, ita daga harajin gwamnatin tarayya take ci. In ku uku ne a gida ɗaya kuma, biya ɗaya ne, sai ku raba tsakaninku.