Tambaya da Amsa: Kai wa sojoji masu jinya tsofaffin faifan fim

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na rufe shagon hayar faifai tun da waya ta kashe kasuwar, amma ina da kwalaye cike da faifan DVD na Hausa, na Indiya da na Turawa. Ina so in ba da su sadaka ga sojojin da suka ji rauni suke kwance a asibiti. Ta ina zan fara? (Mai karatu daga Kaduna)

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya saka da alheri, Malam. Wanda aka sa wa ƙarfe a ƙafa ya kwanta wata da watanni, tsawon yini kaɗai ya ishe shi jinya, don haka kyautarka tana da muhalli.

Kada dai ka ɗauki kwali ka nufi ƙofa kai tsaye. Asibitin Sojoji na 44 da ke nan Kaduna, inda ake kai da yawa daga cikin waɗanda suka jikkata a arewa maso gabas, wurin soja ne, ba a shiga da kaya sai da izini. Rubuta wa shugaban asibitin wasiƙa, ka faɗi ko kai wane ne, yawan faifan da sunayen fina-finan, sannan ka tambaya ko akwai na'urar kunna faifai a ɗakunan. Idan babu, haɗa da guda ɗaya ko biyu, da rimot, da batir, da igiyar da ta dace da talabijin ɗinsu, HDMI ko mai kai uku, ja da fari da rawaya. In tsofaffin sojoji kake nufi, fara da ofishin Nigerian Legion, wato ƙungiyar tsofaffin sojoji, na jiharku.

Sai tantancewa. Ɗaga kowane faifai a haske. Wanda ya tsage daga ramin tsakiya, jefar da shi, domin yana iya tarwatsewa a cikin na'ura. Mai datti kuwa, goge shi da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki a miƙe. Bayanan faifai a kewaye suke jere, saboda haka karcen da ya bi zagaye yana cinye dogon layi, fim ya riƙa tsayawa. Kunna kowanne, ka tsallaka zuwa tsakiya da ƙarshe ka duba. Duba lambar yanki a bayan kwali: 1 ta Amurka da Kanada ce, 2 ta Turai, 5 ta Najeriya da Indiya. Na'urar da ke karɓar faifan yanki ɗaya kawai za ta ƙi na waje. Faifan satar fasaha mai fim goma a ciki ma ware shi.

Abin da ya fi duk wannan muhimmanci shi ne abin da ke cikin fim ɗin. Cire duk na yaƙi, na harbe-harbe da tashin bam, ko da kana ganin soja zai so su. A ɗaki ɗaya akwai wanda nakiya ta tashi da motarsu, ƙarar fashewa daga talabijin tana iya mayar da shi wurin nan take: bugun zuciya, gumi, firgita, dare ya wuce bai runtsa ba. Shi kuma ba zai iya tashi ya bar ɗakin ba. Na barkwanci, na iyali, na ƙwallo da na namun daji sun fi dacewa. Ka tuna sojojin daga ko'ina a ƙasar nan suke, don haka ka gauraya harsuna, ka fifita masu rubutun fassara a ƙasan hoto, saboda fashewa kan rage wa mutum ƙarfin ji.

Goge kwalayen roba da sifirit kafin ka shirya su, ka rubuta suna da harshe a gefen kowanne da manyan baƙaƙe. Ranar kai kayan, miƙa wa jami'in da aka haɗa ka da shi, kada kuma ka ɗauki hoton majinyaci ko ɗaya.