Me Ya Sa Facin Jirgin Ya Yi Fari Ya Ɓantare?

Ɗana, jiya muna tattara kaya ka tare ni a bakin rumfa ka ce: "Maigida, facin da na yi wa jirgin ruwan nan na faiba na zuba masa rezin har yana tsiyaya, na ƙara hadina, ruwan nan da ke sa rezin daskarewa, don ya yi ƙarfi. To me ya sa ya yi fari-fari, kuma da na sa wuƙa a gefensa ya ɗago kamar ɓawon rogo?" Aka kira magariba ban samu na amsa maka ba. Yanzu zauna ka ji, domin abin da ka tambaya shi ne rabin sana'ar nan.

Ƙarfin faiba, wato haɗin zaren gilashi da rezin (ruwan gam mai kauri da ke daskarewa) da aka yi jikin jirgin da shi, ba a cikin rezin yake ba. Ɗauki wanda ya daskare a gindin gwangwani ka buga shi da ƙasa, zai tarwatse kamar kwalba. Zaren gilashin da ke zuwa a shimfiɗe, wanda muke kira tabarma, shi ke ɗaukar nauyi, shi kuwa rezin aikinsa ya kama zaren ya riƙe shi wuri ɗaya, ya hana ruwa ratsawa. Kamar rodi da siminti ne a wurin magina. In ka cika rezin, nauyi ka ƙara wa jirgi da asara ga aljihunmu, ƙarfi kuwa ko kaɗan bai ƙaru ba. Tabarmar da muke aiki da ita mai lamba 450, wato giram 450 ke nan a kowace murabba'in mita, tana shan rezin ninki biyu zuwa biyu da rabi na nauyinta, ka ce kilo ɗaya da ɗan ɗoriya. Saƙaƙƙiyar tabarmar nan mai kauri kuwa kusan daidai nauyinta take sha. Shi ya sa nake sa ka ɗora tabarma a sikeli tun kafin ka taɓa murfin duro, kai kuma kana ganin kamar ɓata lokaci ne.

Sai maganar hadina, wadda a nan ka fi yin kuskure. Hadina ba ya ƙara ƙarfi, tada rezin kawai yake yi ya kama hanyar daskarewa. Ma'auninsa ɗaya zuwa biyu cikin ɗari: kilo ɗaya na rezin, mil 10 zuwa mil 20. Da sirinji ake aunawa, ba da murfin gora ba, ba kuma da "ai na saba" ba. Takardar da ke zuwa da duro za ta ce maka kana da wajen minti 15 zuwa 20 kafin ya fara kauri, amma wannan lissafin na wuri ne mai zafin maki 25. Mu a Yauri muke. A watan Afrilu zafi kan haura 40, kwanon rumfar nan yana huci, to a irin wannan rana lokacin nan ko rabinsa ba za ka samu ba. Da bazara mil 10 nake sawa, in dama rabin kilo-rabin kilo, in fara aiki da an idar da asuba. Da hunturu, in safiya ta yi sanyi, sai in kai mil 20. Kada kuma ka ji na faɗi haka ka koma ƙasa da mil 10, zai kwana yana danƙo, har abada ba zai nuna yadda ake so ba. Kai kuwa da ƙarfe biyu na rana ka dama, ka tuttula hadina da ido. Rezin ya ɗau zafi ya yi kauri tun zaren bai sha ba. Farin da ka gani busasshen zare ne da iskar da ta maƙale a cikinsa.

Akwai kuma laima. Jirgin nan da safe aka jawo shi daga kogi. Bayansa ya bushe a ido, amma bakin tsagar cike yake da ruwa, rezin kuwa da ruwa ba sa ga maciji. Da ka kife shi ya sha rana kwana biyu, da ka rage wa kanka wahala.

Ɓantarewar kuma daga shirin wurin ta samo asali. Na duba, ɗan sampefa ka goga a kan fenti ka ɗora faci. Sabon rezin ba ya narkewa ya haɗe da tsohon da ya riga ya daskare, kaushi yake nema ya kama. Dole ka sa giranda ka cinye fenti da jelkot, wato sumul ɗin shafin da ke saman faiba, har ka isa ga zare mai lafiya, ka kwantar da bakin tsagar ya yi gangare a hankali, ninki 12 na kaurin jikin. In kaurin jirgin milimita 6 ne, to wajen santimita 7 za ka ci ta kowane gefe. Ka share ƙura, ka goge da asiton, ruwan nan mai cire maiƙo, da tsumma mai tsabta, daga nan ko tafin hannunka kada ya sake taɓa wurin, don maiƙon gumi ma yana hana kamu.

Yanzu ga abin da baki ba ya iya koyarwa sai hannu, amma bari in faɗa maka inda za ka sa ido. Rezin ake fara shafawa a jikin aikin, sannan a shimfiɗa tabarma a kai, don ta sha daga ƙasa ta turo iska sama. Buroshi kuma ba shafe ake yi da shi kamar mai fenti ba, in ka ja za ka kwashe zaren ya tattaru gefe ɗaya. Dangwalawa ake yi da bakinsa, tsaye, ɗaɓ-ɗaɓ-ɗaɓ. Sai ka dakata kamar minti ɗaya. Akwai wani gam da ya riƙe zaren tabarmar, rezin ne ke narkar da shi, kuma sai ya narke za ka ji ta yi laushi ta kwanta. A nan rola mai tsaga-tsaga ke shiga, daga tsakiya zuwa baki, da nauyin hannu madaidaici. Kasa kunne, za ka ji ƙananan kumfa suna fashewa ƙarƙashinta. Ka san takardar da aka ƙunshe ƙosai, yadda in ta sha mai har rubutun bayanta kake hangowa? To haka tabarma ke komawa in ta sha daidai. Duk inda ya rage da fari, koma masa. Duk inda ya taru yana ƙyalli kamar kududdufi, ya yi yawa, ja shi gaba.

Lungu da kusurwa nan ake gane wanda ya iya. Rola ba ta shiga, tabarma kuma tana son ta yi gada ta bar rami a bayanta. Yaga ta da hannu ƙanana-ƙanana maimakon yanka da almakashi, bakin yagaggiya ya fi ɓacewa cikin 'yar'uwarta. Inda biyu suka haɗu, ɗaya ta hau ɗaya da santimita 5. Kada ka jera fiye da shimfiɗa biyu ko uku a lokaci guda cikin zafin nan, bari su huce tukuna. In ya daskare, ɗauki kwabo ko ƙaramin ƙarfe ka bi shi da ƙwanƙwasa. Wuri mai lafiya ƙarar sa tsaf take fita, inda iska ta ɓuya kuwa sai ka ji ta dushe kamar an bugi ruɓaɓɓiyar kabewa.

Aikin mol, wato mazubin da ake fitar da siffar jirgi a cikinsa, da goga masa kaki, da shafa jelkot mai kaurin rabin milimita a jira har ya daina bin yatsa, wannan sai ka iya faci tukuna.

Abin da ba zan jira ba shi ne maganar lafiyarka. Ɗigo ɗaya na hadina a ido yana iya makantar da mutum, don haka tabarau ba ado ba ne, kuma bokitin ruwa mai tsabta ya zauna kusa da kai. Wancan ruwan mai launin makuba da ake ce wa kobal, kada ka kuskura ya haɗu da hadina kai tsaye, wuta ce ke tashi nan take. Cikin rezin ake fara dama shi sosai, sannan hadina ya biyo baya, kuma ba a ajiye su kan kanta ɗaya. Ina yaro kamarka a wurin maigidana na bar ragowar damammen rezin cikin gwangwani mai zurfi kusa da tsummoki na tafi cin abinci. Na dawo na tarar yana hayaƙi, ya tsattsage, gwangwanin ba ya taɓuwa. Allah ne ya tsare rumfar. Tun daga ranar, ragowa waje nake fitar da ita in zuba mata ruwa. In kana giranda sa takunkumi da riga mai dogon hannu, in ka gama ka watsa ruwan sanyi, kada ka sosa, susa tura zaren take yi cikin fata.

Na san kana cewa a ranka na cika tsanani a kan ɗan faci. Ka tsaya bakin ruwa ranar kasuwa ka ga waɗanda ke sauka daga jiragen nan: mata da goyo, tsofaffi, buhunan shinkafa, babura. Ba ka manta watan Mayun 2021 ba, da jirgin da ya taso daga ɓangaren jihar Neja zuwa Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski ya nutse, aka yi kwanaki ana tsamo gawawwaki. Wancan na katako ne, lodi kuma ya yi masa yawa, amma kogin ɗaya ne, Kwarar nan ce da jirginmu zai koma. Mai jirgi fenti yake gani ya biya, abin da ke ƙarƙashin fentin daga kai sai Allah.

Gobe in Allah ya kai mu, ka zo da an fito masallacin asuba. Ka cinye facin nan gaba ɗaya da giranda, ka kife jirgin bakin tsagar ya kalli rana. Jibi ni zan auna, kai ka riƙe rola, ina tsaye a kanka.