Ina sunayen suke tafiya bayan an harhaɗa manhaja?

Salamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya same ni a cikin cunkoson titin Sarki Fahad a nan Riyad, sai bayan Isha'i na samu zama. Ka ce kana shirin neman digiri na biyu a jami'ar KFUPM ta Zahran a nan Saudiyya, kuma tambaya ɗaya ta kayar da kai wajen bita: ta yaya manhajar da aka riga aka harhaɗa, wato aka juya kod ɗinta zuwa harshen na'ura, za ta kira metod (guntun kod mai suna da ke yin wani aiki) da sunansa tana tsaka da aiki, alhali a saninka kwamfaila, mai yin wannan harhaɗawar, na cinye sunaye ta bar lambobi zalla?

Rabin gaskiya ka riƙe. A harshen C++ kusan haka abin yake, shi ya sa masu Qt, wani tarin kayan gina manhaja, suka ƙera nasu kayan aikin mai suna moc, wanda ke rubuta sunayen a gefe kafin a harhaɗa. Java kuwa ba ta zubar da su. Buɗe kowane fayil na .class, wato kod ɗin Java da aka harhaɗa, za ka tarar da sunan aji (rukunin da metod ke ciki) da na kowane metod a zaune, domin ita kanta JVM, mai gudanar da manhajar Java, da su take gane wa ke kiran wa. Rifilakshan, wanda ya shigo Java tun sigar JDK 1.1 a 1997, ƙofa ce kawai ta leƙa wannan rajista: Class.forName ya ɗauko maka ajin, getMethod ya nemo metod da suna, invoke ya kira shi. Harshen C# ma na da MethodInfo.Invoke. Harshen Go na da MethodByName, sai dai ba ya ganin sunan da ya fara da ƙaramin harafi.

Wannan duk hadda ce, kwana biyu ta ishe ka. Bari in ba ka abin da ya hana ni barci.

A wani kamfani da na yi wa aiki, muna da manhajar Android ta masu shaguna. Uwar garke, wato babbar kwamfutar kamfanin, ce ke aiko sunan metod a rubuce, misali calcVat mai lissafa harajin nan na kashi 15, manhajar ta nemo shi ta kira. A wayoyinmu na gwaji lafiya lau. Ranar Alhamis da yamma, kowa na haɗa jaka tunda nan Juma'a da Asabar ake hutu, muka saki ta jama'a. Kafin Magariba waya ta ɗau ruri: ko'ina NoSuchMethodException, wato wai babu metod mai wannan suna. Na duba kod ɗin har idona ya yi ja, ga calcVat nan ƙuru-ƙuru. Ashe R8, mai matse manhaja kafin a sake ta, ya raɗa masa sabon suna, harafi ɗaya tak. Wasu metod ɗin ma ya share su ɗungurungum, don bai ga mai kiransu ba. Ina zai gani, sunan yana zuwa daga waje? Layi ɗaya na -keep, mai hana R8 taɓa suna, a cikin fayil ɗin proguard-rules.pro ya warware matsalar, amma sai da shayina ya huce sau uku.

Tun ranar nake wa rifilakshan kallon wuƙar fawa. Kayan aikin Java irin su JUnit da Spring da Gson da shi suke rayuwa, kuma sun san riƙonsa. Ni a nawa aikin, in sunan daga waje zai zo, Map, wato jadawali, nake yi na sunayen da na yarda da su, wanda babu a ciki a kore shi. In ba haka ba, ka miƙa wa baƙo makullin ɗaka ya kira abin da ya ga dama. Kuma kwamfaila ba za ta ƙara tsawata maka ba in ka yi kuskuren harafi, sai abin ya fashe a hannun kwastoma.

Kafin ka tura takardunka, rubuta 'yar manhaja da ke kiran metod da suna, ka kunna R8, ka ga fashewar da idonka, ka gyara. Da Turanci ake karatun a Zahran, amma ka fara taɓa Larabcin kasuwa, don mai baƙala, wato shagon unguwa, ba ruwansa da Java.

Ka gaida Hajiya, ka ce mata yajin ya iso, har abokan zamana 'yan Sudan sun kusa ƙarar da shi.