Kambin ƙofa na Kirsimeti: yadda za ki haɗa naki da kayan kaka

Tambaya: Anti, sannu da aiki. Ni matar aure ce a Kaduna, 'ya'yana uku. Duk Disamba muna ganin zoben nan na ganye da ake ratayawa a ƙofa lokacin Kirsimeti, yara sun tasa ni gaba sai mun sa a gidanmu. Na roba da ake sayarwa a kanti kuɗinsa ya fi ƙarfina. Bara na gwada da ganyen mangwaro da na darbejiya, kafin kwana uku ya yanƙwane ya zube. Akwai yadda zan yi mai kyau, mai arha, wanda zai kai sabuwar shekara?

Amsa: Akwai, 'yar'uwa. Kuma bara ba hannunki ne ya ƙi ba, ganyen ne ya yaudare ki, hunturu kuma ya ƙarasa shi.

Wannan kambi asalinsa kayan ƙasashen sanyi ne. A Jamus da Ingila da arewacin Amurka, Disamba na zuwa ne bishiyoyi sun kaɗe ganye sarai, sai 'yan kaɗan irin su fayin da dangoginsa masu ganye kamar allura suke zama kore. Ganyen nan yana da maiƙo a bayansa da ke riƙe ruwa, ga shi ƙofar waje a can tamkar firiji take, shi ya sa kambinsu yake yin mako uku ko huɗu bai canja kama ba. Mu kuwa a Disamba iskar da ke kaɗawa ita ce mai tsaga leɓe da dunduniya, wadda ke busar da shanya kafin a sauke tuwo. Ganyen darbejiya mara kauri ina zai kai a cikinta? Don haka duk wadda ta nace sai ta kwaikwayi hoton da ta gani a Facebook da ɗanyen ganye, aikin baban giwa za ta yi.

Ina son tarihin wani daga cikin irin wannan kambi, saboda yana rage wa mutum jin cewa abin sai mai kuɗi. A 1839 wani fasto a birnin Hambog na Jamus, Johann Hinrich Wichern, yana riƙe da gidan renon yaran talakawa. Yaran suka ishe shi da tambayar saura kwana nawa Kirsimeti, kamar dai yadda naki suka ishe ki. Sai ya ɗauko tsohuwar ƙafar amalanke ta katako, ya jera mata kyandirori, ƙanana jajaye na ranakun mako, manya farare huɗu na ranakun Lahadi, kullum a kunna ɗaya. Ganye ma sai daga baya aka fara naɗa masa. Abin da ya tarar a tsakar gidansa da shi ya yi aiki. To ke ma ki duba abin da Disamba ta ajiye miki a ƙofar gida: kaka ce, kasuwa cike take da busassun kaya masu launi waɗanda iskar hunturu ba ta da abin da za ta ƙara yi musu.

Mu fara da ƙashin bayan abin. Ki ɗauka gammo za ki yi, sai dai babba. Mafi sauƙi shi ne hangar rataye kaya ta waya: ki ja ta da hannu biyu har ta zama zagaye, ƙugiyarta ma ta zama maratayi. Aibinta siranta, kaya za su riƙa juyawa a jikinta, saboda haka ki naɗa mata busasshiyar ciyawa ko tsohuwar jarida ki ɗaure da zare har kaurinta ya kai yatsa uku. Idan kwali kike da shi, ki kifa babban faranti ki zana, ki kifa murfin ƙaramar tukunya a tsakiya ki sake zanawa, ki yanke. Ki yi guda biyu ki manne su, don ɗaya kaɗai yana lanƙwashewa. Ni dai wanda na fi so tsohon faifai ne da tsakiyarsa ta cinye. Ki yanke tsakiyar, ki bi bakin da allura da zare kada ya warware, kin sami zobe mai ƙarfi wanda ko an hango shi ta tsakanin kaya ba abin kunya ba ne. Kaba ma tana yi idan kin jiƙa ta da ruwa ta yi laushi kafin ki murɗa. Faɗin santimita 40 zuwa 50 ya wadatar wa ƙofar gida. Wanda ya fi haka nauyi yake yi, ya riƙa dukan ƙofa duk sanda aka buɗe.

Sai waya. Kada ki sha wahalar neman ta masu furanni. Ki je wurin masu kayan gini ki ce a ba ki siririyar wayar da ake ɗaure rodi da ita, ta kuɗi kaɗan za ta ishe ki har ta yi saura. Zaren kitso ma yana riƙewa idan kayan ba su da nauyi.

Yanzu ɗaurin, wanda shi ne sana'ar gaba ɗayanta, kuma a nan ne mafi yawan masu gwadawa suke faɗuwa. Ba a soka kaya ɗaya-ɗaya. Ki fara yanka komai tsawon tafin hannu da rabi, ki haɗa su ƙananan dammuna, kowanne kara huɗu ko biyar, ki jera a tabarma kamar ashirin zuwa ashirin da biyar kafin ki taɓa zoben. Ki ɗaure bakin wayar a jikin zobe, ki ɗora damin farko a kwance, ki zagaya gindinsa sau uku kina ja da ƙarfi. Kada ki yanke wayar. Ki ɗora na biyu yadda kansa zai rufe gindin na farko, ki sake zagayawa. Haka za ki yi ta bi, duka suna kallon gefe guda kamar ɓawon kifi, wannan ki ɗan karkata shi waje, mai bi masa ki karkata shi ciki, don zoben ya cika ta kowane ɓangare. In kin zo na ƙarshe, ki ɗaga kan damin farko ki cusa gindinsa a ƙarƙashi, sannan ki yanke waya ki murɗe ta baya. Ki ja fiye da yadda kike ganin ya kamata, domin kara yana ƙara tsukewa idan ya bushe, ɗaurin da ya yi daidai yau jibi ya saki. Ni ma na farkon da na yi wa wata maƙwabciya, da aka buga ƙofa sau biyu sai ga rabinsa a ƙasa.

Me za ki ɗaura? Zangarniyar jar dawa ita ce sarauniya a wurina, launinta na ƙasa-ƙasa mai ja yana ɗaukar ido daga nesa, ga cika wuri. Ki haɗa ta da zangarniyar gero da kan ciyawar da ta bushe a bakin hanya. Jan da Turawa ke samu daga 'ya'yan itacensu, ke busasshen barkono da zoɓorodo za su ba ki, sai dai ki wanke hannu bayan barkonon, kada yaro ya goga ido. Farin da suke kwaikwayon ƙanƙara da shi kuwa, auduga ce tana cikin ƙoƙonta yadda ta fashe a gona, lokacinta ne ma yanzu. 'Ya'yan bagaruwa masu kama da jigida suna kyau a lilo ta ƙasa. Lemon zaƙi ki yanka shi fale-fale, kaurin rabin santimita, ki matse ruwan da tsumma, ki shanya a faranti ki rufe da rariya saboda ƙuda. A wannan iskar kwana huɗu zuwa biyar ya bushe, in rana ta ratsa shi sai ki ce gilashi. Idan kina da oban, ƙaramar wuta wajen digiri 90 awa uku kina juyawa. Ki ƙara sandar kirfa biyu ko uku don ƙamshi.

Abu ɗaya game da hatsi: abinci ne, kuma ba ke kaɗai kika san haka ba. Ƙwari suna zuwa da shi daga gona, tsuntsaye da ɓeraye kuma suna biyo shi. Ki ƙulle zangarniyar a leda ki sa a firiza kwana uku in wuta ta tsaya, ko ki baza ta a rana mai zafi, bayan kin gama haɗawa ki fesa mata banish mara launi irin na kafintoci. Yana hana tsaba zubewa kuma.

Na san yara za su ce ai na talabijin kore ne. To akwai ganyen da ke jurewa. Na bishiyar turare shi ne na ɗaya, domin ko ya bushe ba ya zubewa, launinsa ne kawai yake komawa toka-toka, ga ƙamshi. Akwai tuja da ake shinge da ita, masu sayar da furanni a bakin titi sukan ba da abin da suka aske kyauta ko a kuɗi kaɗan, da kasuwarina mai ganye kamar jelar doki. Ki yanka da asuba, ki tsoma gindin a bokitin ruwa ya kwana. In kina da lokaci, ga dabara: giliserin ɗin nan da muke saya a kemis don kaushi, ki zuba kofi ɗaya a kofi biyu na ruwan zafi, ki daddaka gindin rassan turare ki tsoma su mako biyu a inuwa. Ganyen zai sha ya yi laushi kamar fata, ya ɗan yi duhu, ya shekara bai karye ba. Wannan sai wadda ta fara tun ƙarshen Nuwamba. Jan furen Kirsimeti kuwa, fonsetiya, wanda asalinsa daga Meziko ne kuma yake yin ja a daidai wannan lokaci, ki bar shi a tukunyarsa. Da an yanke shi yake langaɓewa, farin ruwansa kuma yana sa ƙaiƙayi.

Idan duk wannan ya yi miki yawa, ki aiki yara wurin tela su roƙo ƙyallayen atamfa. A yanka su faɗin yatsa biyu, tsawon tafin hannu, a yi ta ƙulla su a jikin hanga ana matsawa har waya ta ɓace. Aikin yamma ɗaya ne, ɗan shekara biyar ma zai iya, kuma irinsa nake yi wa masu suna da biki, har da masu kwalliyar Sallah.

Wajen ado kada ki zuba komai da komai. Launi uku sun isa. Ki tara lemo da barkono da auduga wuri guda a ƙasa ko a gefe ɗaya, uku-uku ko biyar-biyar, ki bar sauran zoben ya huta. Wanda aka barbaɗa wa kaya ko'ina kama da tiren talla yake yi. Ki rataye shi a ƙusa, ki ja baya taku biyar ki duba kafin ki ƙara wani abu.

Ƙofar ƙarfe ba ta karɓar ƙusa, saboda haka ki zura dogon ƙyalle a zoben, ki haye da shi ta saman ƙofa ki ɗaure a mariƙin ciki. In rana tana dukan ƙofar, kada ki dogara da gam ɗin kyandir da ake narkarwa, zafin ƙarfe yana sake shi. Waya ko zare sun fi. Kyandir mai wuta kuma kada ya kusanci abin nan ko kaɗan, busasshiyar ciyawa da auduga a hunturu kamar fetur suke. In ana son haske, ƙananan fitilun nan masu batir sun isa. Ƙura za ta hau shi, ki riƙa kaɗe ta da mafici ko burushi mai laushi, banda ruwa.

Bayan sabuwar shekara ki cire lemon ki yar, sauran ki sa a kwali ki rufe. Ki zuba busasshen ganyen darbejiya a ƙasan kwalin da samansa, kamar yadda ake yi wa hatsi a rumbu, zai taimaka wajen korar ƙwari har Disamba ta zagayo.