Yarona mai otizim (lalurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane) yana karya fensir idan zai yi rubutu, ganganci ne?

Maman yaro, ba ganganci ba ne, kada ki dake shi. Fata da gaɓoɓin yatsu ne ke sanar da ƙwaƙwalwa ƙarfin riƙo. A wajen yara da yawa masu otizim saƙon ba ya isa daidai, sai yaro ya danna fensir har takarda ta yage kafin ya ji ya riƙe. Shi ya sa maɓallin riga ma ke ba shi wuya.

Ki naɗa wa fensirin ƙyalle ya yi kauri. Ki ba shi kwaɓin fulawa ya murza, ya tsinci wake a faranti (kina kusa, kar ya kai baki), ya yi zane cikin yashi. Idan kina Gombe, ki kai shi sashen yara na Asibitin Koyarwa na Tarayya su duba hannun.